Wasan da Aka Ce Mu Sake

A shekarar da nake ba da labarinta ina zaune ne a Agege wurin yayana, ina ɗinki a shagonsa da ke kallon titin jirgi. Sojoji ba su daɗe da miƙa mulki ba, ko'ina ka zauna hirar ke nan, wai yanzu komai zai gyaru, har ruwan famfo da wutar lantarki. Ni dai abin da ya dame ni a lokacin bai wuce ƙwallo ba. Da an yi la'asar zan lulluɓe keken ɗinki da ƙyalle, in zaro takalmina daga ƙarƙashin teburin yanka, in sulale zuwa filin wata makarantar firamare da ke bayan unguwarmu. Yaya yakan bi ni da ido kawai, wani lokacin ya tuna mini cewa akwai kayan mutane da ban gama ba.

Kulob ɗinmu na unguwa ne, ba mai ɗaukar nauyinmu, ba mu da ofis. Abin da muke da shi shi ne wani dattijo da dukanmu muke kira Kawu. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya yi aiki a Iddo har ya yi ritaya, kuma a ƙuruciyarsa ya buga wa ma'aikatarsu ƙwallo. Shi ne kocinmu, a ɗakinsa ake ajiye ƙwallaye, shi ne kuma mai raba faɗa. Wata rana bayan atisaye ya tara mu a gindin mangwaron da ke bakin filin, ya ce bana zai sa mu a gasar kofin ƙalubale ta ƙasa.

Dariya muka fara yi, don mu a rediyo muka san wannan kofin. Kawu ya jira muka gama, sannan ya yi mana bayani. Ya ce gasar daga jiha take farawa, kuma kowane kulob yana iya shiga, babba ko ƙarami. Sili-ɗaya-ƙwale ce, da an ci ka sau ɗaya ka koma gida. Kulob biyu da suka kai wasan ƙarshe a jiha su ne za su wuce matakin ƙasa, inda ƙuri'a za ta iya haɗa ka da manyan da muke jin sunansu. Ya ce bai ce za mu ɗauki kofi ba, amma yana so kafin gwiwoyinsa su hana shi fitowa ya gan mu mun shiga fili da alƙalin wasa na gaske, mai baƙaƙen kaya da katuna a aljihu.

Rabinmu haihuwar Agege ne ko Idi-Araba, irin waɗanda in suka fusata a fili Yarabanci ke rigan Hausa fitowa daga bakinsu. Golanmu yana cikinsu. A abbatuwa, wato mayanka, yake aiki tare da mahaifinsa, kuma in yana tsara 'yan bayansa sai ka rantse kwandastan danfo, motar hayar Legas, ne ke kiran fasinja. Sauran rabin 'yan ci-rani ne, masu ga-ruwa da masu dako a kasuwa da 'yan okada biyu. Ni ina tsakani, don sai da na gama sakandare a gida na zo Legas. Baya nake bugawa, ta hagu. Ɗan gabanmu kuma ɗan Kafanchan ne, Kirista, yana gadi a wata masana'anta a Ikeja. Saboda shi ba a sa atisaye ranar Lahadi da safe, saboda mu ba a sawa ranar Juma'a da rana, kuma ba wanda ya taɓa mayar da abin magana.

Amma wanda wasanmu ya dogara a kansa wani dogon saurayi ne daga wani ƙauye a bayan Gusau. Ɗan Gusau muke ce masa, ko da yake ya sha gaya mana cewa daga garinsu zuwa Gusau tafiya ce mai nisa. Ruwa yake sayarwa, yana tura kura cike da jarkoki layi-layi. Ranar da ya fara zuwa filin a gefe ya tsaya da silifa yana kallo, mutum ɗaya ya kasa mana, Kawu ya ce ya shigo ya cike gurbi. Kafin a tashi duk mun daina kwaikwayon Hausarsa. Ba shi da gudu sosai, amma in ƙwallo ta zo ƙafarsa sai ka ga kamar kowa ya rage sauri, ya ɗaga kai, ya ajiye ta inda ba wanda ya zata. Ba ya ihu, ba ya gardama da kowa. In ka ɓata ƙwallon da ya ba ka, sai dai ya sake ba ka wata.

Riguna muka samo a kasuwar gwanjo da ke wajen Iyana Ipaja, koraye, amma koren bai zo ɗaya ba. Ni na yanka lambobi daga ragowar farar shadda na ɗinka a bayansu. Yaya ya gan ni ina yi, ya ce da ina ba kayan kwastoma irin wannan kulawar da tuni mun buɗe shago na biyu.

Wasanmu na farko da wasu yara ne daga Mushin, muka ci su biyu da nema ba tare da wata wahala ba. A wasa na biyu muka fara sanin yadda gasar take. An sa mana shi a wani fili a wajen Oshodi. Muka cika danfo, muka sha gosulo a cunkoson motoci, muka isa a kan lokaci, sai muka tarar an kafa rumfuna daga wannan raga zuwa waccan, an jera fararen kujeru, masu kiɗa suna gwada lasifika, mata suna ta sauke kuloli. Wani ɗan siyasa ne ke bikin binne mahaifiyarsa, kuma tun makon da ya wuce ya kama filin. Abokan karawarmu ma suna tsaye a bakin ƙofa da jakunkunansu, haka alƙalin wasa. Lokacin wayar hannu ba ta shigo hannun irinmu ba, saboda haka ba wanda ya gaya wa kowa komai. Masu ga-ruwa da masu dako sun bar aikin yini guda a banza. Muka juya. Bayan mako biyu aka buga wasan a wani wurin, muka ci. Na uku kunnen doki aka tashi, aka je bugun fanareti, golanmu ya tare biyu, ya yi ta zagaya fili yana waƙa da Yarabanci.

Daga nan unguwa ta fara lura da mu. Mai shayin bakin layinmu ya daina tambayata yaushe zan yi hankali, ya koma tambayata da wa za mu buga. Dattawan da ke zama a ƙofar masallaci bayan la'asar suka fara cewa “yaranmu”. Saura wasa ɗaya mu wuce matakin ƙasa, wato wasan kusa da na ƙarshe, kuma ƙuri'a ta haɗa mu da kulob ɗin wani kamfani da ke Apapa. Su albashi ake biyansu don su buga ƙwallo. Suna da motarsu, suna da mai duba lafiyarsu, har da mai ɗaukar musu ruwa.

Ranar wasan danfo uku muka tashi da su daga Agege, ɗaya tamu, biyu na magoya baya. Abin da ya ba ni mamaki shi ne Yaya. Ya rufe shago, ya sa hularsa ta zuwa Juma'a, ya shiga gaban mota. Damina ta riga ta sauka a Legas, tun safe garin a lumshe yake, amma an fara wasa ƙasa a bushe.

Sun fi mu komai, wannan ba na musu. Sun fi mu ƙarfi, sun fi mu numfashi, kuma a farkon wasan ban tuna na tsallaka tsakiyar fili ba. Ɗan gefensu na dama, wanda ni ke tsaronsa, ya wuce ni har na daina jin kunya. Amma golanmu ya tsaya, turke ya taimake mu sau ɗaya, aka tafi hutun rabin lokaci ba ci. Kawu bai yi dogon jawabi ba. Ya ce sun fara jin haushi, mu bar su su ci gaba da ji, kuma duk wanda ya sami ƙwallo ya nemi ɗan Gusau.

Haka kuwa aka yi. Ba a daɗe da dawowa ba na ƙwace wata ƙwallo a gefe, na tura masa. Mutum biyu suka taso masa, ya juya musu baya kamar zai mayar da ita gida, sai kawai ya ɗaga ta ta saman 'yan bayansu. Ɗan Kafanchan ya riga ya tashi da gudu. Ya tare ta da ƙirji, golansu ya fito, ya zura ta ta ƙarƙashinsa. Na tuna na waiwaya wajen 'yan kallo na hango Yaya a tsaye a kan benci, hularsa a hannu.

Bayan nan hadari ya haɗo daga wajen teku. Iska ta fara, sannan ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Muka ci gaba da bugawa. Ruwan ma mu ya taimaka, don ƙwallo ta daina gudu, wasansu na ƙasa ya lalace, mu kuwa a irin wannan caɓin muka saba. Saura abin da bai fi kwata na awa ba a tashi, alƙalin wasa ya hura usur, ya ɗauki ƙwallo ya jefa ta sama. Ta faɗo cikin ruwa ta tsaya cak. Ya ce kowa ya fita a jira ruwa ya tsagaita.

Muka fake a barandar wani aji muna rawar sanyi. Su suka shige motarsu. Ruwa ya ɗauke bayan wani lokaci, amma filin ya zama tafki, layukan farar ƙasa duk sun wanke. Kawu ya naɗe ƙafar wandonsa ya bi alƙalin wasa har tsakiyar fili yana roƙonsa a ƙarasa, ko kuma a dawo gobe a buga mintunan da suka rage. Mutumin ya ce shi nasa rahoto ne, hukunci na masu shirya gasa ne, mu je za mu ji. A hanyar komawa magoya bayanmu suna ta waƙa a mota, don a ganinsu mun riga mun ci. Kawu kaɗai ne bai shiga waƙar ba har muka iso Agege.

Daga ranar Kawu ya zama ɗan zarya tsakanin Agege da ofishin masu shirya gasar a Surulere. Yau a ce oga bai zo ba, gobe a ce kwamiti bai zauna ba. Sau ɗaya na raka shi. Muka zauna a wani dogon benci a baranda tun hantsi har azahar ta wuce, fanka ba ta juyawa, mutane suna shiga suna fita. Can ƙofa ta buɗe, ogan ya rako wani mutum mai kwat suna dariya, na gane shi, shi ne wanda ya zauna a bencin kulob ɗin kamfanin ranar wasa. Ban san abin da suka tattauna ba, kuma ba zan ɗora wa kowa abin da ban gani ba. Mai yiwuwa tsofaffin abokai ne. Amma ganinsu tare bai yi mini daɗi ba.

Da muka shiga ogan bai ce mu zauna ba. Ya ce kwamiti ya yanke hukunci, wasan da ruwa ya hana ƙarasawa sake shi ake yi daga farko, ba ci, kamar ba a taɓa bugawa ba. Kawu ya ce masa da Turancinsa na ma'aikatan jirgi cewa shi da idonsa ya ga an dawo an buga ragowar mintuna a wannan gasar. Ogan ya ce wancan zamani daban, wannan daban. Kawu ya ce to a sa rana kusa, domin yaransa ba ma'aikatan kamfani ba ne, wasunsu manoma ne, kuma sun kusa tafiya. Ogan ya yi murmushi ya ce za a duba.

A cikin danfo muna dawowa na yi ta zagi, Kawu yana kallon waje. Sai da muka wuce Oshodi ya ce, “Ƙwallon da aka soke ba ita ke damuna ba, ɗana. Za mu iya cin wata. Ranar nake tsoro.”

An sa rana, muka yi shiri, ana gobe wasa aka aiko cewa an ɗage, filin bai bushe ba. Aka sa wata, ita ma aka ɗage, wai kulob ɗin kamfanin yana da wasan lig a wata jiha. Ta uku ta faɗo cikin wahalar man fetur, motoci suka yi layi a gidajen mai, aka ce alƙalan wasa ba za su iya zuwa ba. Kowace ɗagewa sai Kawu ya je da ƙafarsa ya jiyo, ya dawo ya same mu a fili muna atisaye, tun daga nesa mu gane daga tafiyarsa.

Ana cikin haka labari ya fara zuwa daga gida. Direbobin manyan motocin da ke kawo shanu su ne rediyonmu, su suka ce an yi ruwan shuka a wajen Zariya, sannan Funtuwa, sannan ya haura. Duk wanda ya zauna da 'yan ci-rani ya san abin da wannan labarin ke yi musu. Mutum yana tare da kai amma hankalinsa ya riga ya tafi. Masu dako biyu suka fara tafiya, ɗayansu abokin tsarona ne a baya. Ɗan okada ɗaya ya mayar wa mai babur babur ɗinsa ya bi su. Ba wanda ya yi musu faɗa. Dokar gasar kuma ba ta yarda a ƙara sabon ɗan wasa bayan an fara ba, saboda haka duk wanda ya tafi gurbinsa a buɗe yake zama.

Ɗan Gusau ya ci gaba da zuwa atisaye, har sai da saƙo ya zo masa ta bakin wani direba ɗan garinsu, cewa an yi ruwa mai kyau, mahaifinsa yana jiransa. Bayan atisaye ya sami Kawu ya gaya masa. Ina kusa ina kwance igiyar takalmi, na ji su. Kawu ya roƙe shi ya ƙara mako ɗaya, don an tabbatar masa wannan karon ranar Asabar za a buga, ba fashi. Ya ce zai tsaya.

Asabar ɗin ma ba a buga ba. Ranar Juma'a aka ce an ba da filin ga wani taron 'yan makaranta.

Washegari ya zo shagonmu da hantsi, da jakarsa ta buhu da rediyo sabo a cikin kwali, da wani yadi da ya saya wa mahaifiyarsa yana so in yi masa dajiya. Na karɓa na hau keke, ina ɗinki ina yi masa magana. Na ce ya ƙara haƙuri ko da 'yan kwanaki ne, ba za su iya ɗagewa har abada ba. Na ce in muka wuce, wa ya sani, wani babban kulob zai iya ganinsa, ya huta da tura kura. Na ce ai yana da ƙanne a gida.

Ya bar ni na gama, sannan ya ce, “Ƙannena ƙanana ne, Baba kuma bayansa ba ya barinsa ya sunkuya. Mako ɗayan da na ƙara ma, maƙwabta sun riga sun gama shuka. In na rasa wannan ruwan, gidanmu ne zai rasa shekara.”

Na ci gaba da taka keke. Yaya, wanda yake yanka a teburinsa kamar ba ya jinmu, ya ajiye almakashi ya ce masa ya yi daidai, Allah ya ba da damina mai albarka, ya gaida mutanen gida. Ni na raka shi har inda motocin shanu ke lodin komawa, na riƙe masa kwalin rediyon ya hau baya. Ya ce in ba Kawu haƙuri, shi ya kasa zuwa ya yi masa sallama ido da ido. Ina dawowa a kan titin jirgi na yi ta harbin duwatsu kamar ƙaramin yaro. Ba shi nake jin haushi ba, ban kuma san takamaimai wanda zan ji haushinsa ba, don mutanen da suka yi mana wannan ko sunan ɗayanmu ba su sani ba.

Bai yi mako da tafiya ba aka sa ranar da ta tabbata. Laraba ce, da rana tsaka, ranar aiki. Mu goma sha biyu muka rage, har da golanmu na biyu, wanda dole aka ba shi rigar 'yan fili. Ɗan Kafanchan daga wurin gadi ya wuto kai tsaye, idanunsa jajur. Magoya baya ko danfo ɗaya ba su cika ba, domin mutane sun gaji da shiryawa ana ɗagewa, wasu ma ba su yarda za a buga ba. Yaya ya ce ba zai sake rufe shago ba, kuma ban ga laifinsa ba. Kawu ya dube mu ɗaya bayan ɗaya a bakin fili, ya ce ni zan koma tsakiya.

Rana ce ƙwal a ranar, ko gajimare babu, fili a bushe kamar ba a taɓa ruwa a kansa ba. Ban taɓa buga tsakiya ba. A baya layi yana gefenka, ka san ta inda mutum zai zo maka. A tsakiya kuwa ta ko'ina suke fitowa. Duk ƙwallon da ta zo mini sai in ji mutum a wuyana kafin in ɗaga kai, in buga ta gaba kawai don in rabu da ita. Ɗan Kafanchan ya yi ta gudu yana ɗaga hannu, ba abin da ya isa gare shi. Sun ci mu ɗaya kafin hutu daga bugun kwana. Bayan hutu ɗan bayanmu ɗaya ya gurɗe, golanmu na biyu ya shigo a madadinsa, suka gane wurin, suka yi ta bi ta nan. Uku da nema aka tashi. Ba su yi mana maguɗi a fili ba, alƙalin wasa bai zalunce mu ba, sun fi mu ne kawai, kuma wannan ya ƙara mini ciwo, don ko abin da zan riƙe in yi ƙorafi a kansa ban samu ba.

Da aka tashi kocinsu ya zo ya gaisa da Kawu da hannu biyu. Ya tambaye shi ina dogon nan mai lamba takwas, don tun wancan wasan yake son ya yi magana da shi. Kawu ya ce ya tafi noma. Mutumin ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne, da ya ga fuskar Kawu sai ya daina.

Kulob ɗin kamfanin ya wuce matakin ƙasa, ƙuri'a ta haɗa su da wani babban kulob daga Arewa, aka fitar da su a wasan farko. A rediyon mai shayi na ji sakamakon. Mutanen da ke wurin suka yi ta cewa da mu ne da ko ba komai mun gaisa da 'yan gida a fili. Na ajiye kofina ban shanye ba na koma shago. Sauran gasar ban bi ta ba, ban ma san wanda ya ɗauki kofin a shekarar ba sai daga baya. Kawu ya yi makonni bai leƙo fili ba, ya aiko a karɓi ƙwallaye a ɗakinsa, wai gwiwa ce ta tashi. Mu kaɗan da muka rage mukan haɗu mu raba biyar-biyar, mu buga ba armashi.

Bayan kaka, da aka gama girbi, 'yan ci-rani suka fara dawowa. Wata safiya ina shago na ji ƙarar kura a bakin ƙofa, na ɗaga kai sai ga ɗan Gusau, ya ƙara baƙi, ya rame, da ƙullin gero da ya kawo wa Yaya tsaraba. Muka gaisa, na tambayi mahaifinsa da amfanin gona, ya ce an gode Allah, gero ya yi, wake ne bai yi ba. Ya ɗan yi jim, sannan ya tambaye ni ko an buga wasan. Ashe duk tsawon damina ba wanda ya kai masa labari, rediyon da ya saya kuma bai taɓa ambaton wasan jiha ba.

Na gaya masa yadda aka tashi. Ya tambayi wanda ya buga wurinsa, na ce ni ne. Ya dube ni, na ga yana ƙoƙarin danne dariya, ya kasa, ni ma na kasa. Yaya ya ce mu fita masa daga shago in hirar ƙwallo za mu yi.

Shekarar da ta biyo baya Kawu bai sa mu a gasar ba. Ya ce sai ranar da aka fara buga ta da rani a gama ta da rani. Mun ci gaba da wasanninmu na unguwa, ɗan Gusau ya yi mana rani biyu, daga nan ya yi aure a gida bai sake zuwa Legas ba. Ni kuwa har yau in hira ta biyo ta kan kofin nan nakan ce mun taɓa cin kulob ɗin kamfani ɗaya mai ban haushi a wasan kusa da na ƙarshe, sai wani a cikin waɗanda suka sani ya gyara mini, ya ce uku aka ci mu. A nan gardama take tashi, kuma ban taɓa yarda na janye ba.